Wufa a Kan Dandamalin Katako

Shekara talatin yana haɗa sauti a ƙananan taruka, amma ba mai kiran sunansa na yanka. Tuɓe-Takalmi ake ce masa, domin da ya shiga ɗakin taro sai ya ajiye takalmansa a bakin ƙofa, ya kunna wufa, babbar lasifikar nan mai gurnani, ya yi ta zagaye ba takalmi kamar mai neman allura. Wai tafin ƙafa ya fi kunne gaskiya.

Ga taurin kai a kan ƙa'ida. Wufa ba ta zama a kusurwa, don gurnaninta zai haɗiye muryar mawaƙi. Ba ta hawa dandamalin katako, don katako zai kama karkarwa. Nasa biyun kullum suna ƙasa, a tsakiya, kafaɗa da kafaɗa. Matarsa kan ce ko kujerar falo ba ya bari a tura kusurwa.

Yana jin daɗin sana'arsa. Abu ɗaya ke ci masa rai: autarsa kurma ce tun haihuwa, ba ta taɓa jin aikin ubanta ba.

Da makarantar kurame za ta yaye ɗalibai, aka ba autar tasa jagorancin rawa. A wajen gwaji malamarsu na ƙirga kiɗa da hannu, su kuma suna kallonta suna tuntuɓe. Auta ta dawo gida ta nuna masa da hannu cewa ta fasa, ba za a yi mata dariya ba. Ya lallashe ta da ƙyar.

Shi aka ba haɗa sautin taron. Ranar da hantsi ya ɗora wufa biyun a kan dandamalin katakon da za a yi rawar, ya cire robar ƙafafunsu.

"Malam, yau kai ne?" in ji matarsa. "Ai katakon nan zai yi ta rawa!"

"Abin da nake so ke nan, Maman Auta."

Ya sa masu rawar duka suka tuɓe takalma, sannan ya saki kiɗa. Tagogi suka ɗauki kaɗawa, muryar mawaƙi ta nutse. Auta ta tsaya cak, ta dubi ƙafafunta, ta ɗago ta dubi ubanta. Sai ta fara takawa daidai kan kowane bugu, sauran suka bi ta.

Da aka tashi ta zo ta tambaye shi da hannu: "Baba, ashe abin da kake ji ke nan kullum?"

Ya gyaɗa kai, ya share ƙwalla. Bai taɓa haɗa sauti mai muni irin na ranar ba, kuma har yau labarin sautin nan kaɗai yake bayarwa.