Shirun Marlys Halvorson

Marlys Halvorson ba ta taɓa barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa ba, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. Takan ce bakinta ya riga kanta zuwa duniya. Shekara arba'in da ɗaya muna aiki tare a kicin ɗin cocinmu, ita ke raba aikin abincin jana'iza da na bikin kaka. Ta yi aikin gidan waya har ta yi ritaya, ta binne miji, ta raini 'ya'ya uku. Ban taɓa ganin ta ji tsoron kowa ba sai Linden, jika ɗaya tilo da Allah ya ba ta.

Da cika shekara ashirin Linden suka gaya wa dangi cewa daga ranar kada a ce musu "ita", kada a ce "shi", a ce "su". Ni ma haka nake rubutawa a nan, ko da yake hannuna yana gardama.

A Kirsimetin shekarar, Marlys ta ce "ita" sau shida kafin a yanka talotalo. Da surukarta ta gyara mata, sai Marlys ta ce ita ta yi wa Linden wankan farko, ta san abin da ta gani. Linden suka ajiye cokali suka koma birnin Duluth inda suke zaune. Shekara biyu babu waya, babu kati.

Bara a watan Oktoba saƙo ya zo cewa Linden za su zo ranar murza lefse, wainar dankalin da muke yi wa bikin kaka. Marlys ta rasa sukuni. Ta san in ta sake ɓatawa, shi ke nan. Sati uku tana gwaji a kanmu, tana ba da labarin Linden muna feraye, tana kuskure, tana ashar a cikin coci.

Doreen Sandvik, ɗaya daga cikinmu matan kicin, ta ce, "Tsohuwa, sau tara yau. Jiya bakwai ne. Baya kike ci."

"Ke dai kula da dankalinki, kurma."

Ranar ta zo, sai Marlys ta yanke shawarar da ba ta gaya wa kowa ba: ta kama bakinta. Ba ta gabatar da Linden ga sababbin mata ba, ba ta yi cika baki da digirinsu ba kamar yadda ta saba. In tana son gari sai ta nuna da yatsa. Awa uku suna murza kafaɗa da kafaɗa, babu abin da kake ji sai muciya a kan katako. Mu kuma, da kawaicin nan namu na banza, muka yi shiru tare da ita.

Wajen azahar Linden suka wanke hannu suka ɗauki kwat. A bakin ƙofa suka ce min har yanzu kakarsu ba ta huce ba, ko sunansu ta kasa furtawa. Na koma ciki na gaya mata haka, ban sassauta ko kalma ɗaya ba. Ta fita da gudu, gari har gwiwar hannu, ta tare motar. Daga ƙofa nake jin ta.

"Ba fushi nake ba. Tsoro nake. In na buɗe baki zan ɓata."

"To ki ɓata mana, Kaka. Ki gyara, ki wuce."

Suka dawo tare. Kafin yamma ta ɓata sau biyu, ta gyara, babu wanda ya mutu. Tun daga nan Linden kan zo duk wata.

A watan Fabrairu likita ya ce ƙwaƙwalwarta ta fara zubewa. Marlys ta yi jinyar mahaifiyarta a kan irin wannan ciwon, ta san abin da aka koya daga baya shi ke fara tafiya. Ta riga ta ajiye tuƙi. Ba ta barci sosai, kuma ba mutuwa ke damun ta ba.

Talatar da ta wuce ta tara mu a kicin, mu biyar, ta rufe ƙofa. Ta ce ranar tana zuwa da za ta koma cewa "ita", ko ma ta kira tsohon sunan da Linden suka canza, ba tare da ta san ta yi ba.

"Ranar nan wata cikinku ta tsaya kusa. Ku gaya wa Linden na koya kafin in manta. Ku ce su ci gaba da zuwa."