Ashoken Marigayiya Ya Kai Ni Tsafe

Mun tashi da asuba daga Gusau, ni da abokin sana'ata. Zane guda ne ya fitar da ni. Wata malamar makaranta a Bungudu ta kawo mini ashoken mahaifiyarta marigayiya, saƙar Yarbawa mai ruwan goro, tana so in mayar da shi doguwar riga ta zamani. Ba shi da na biyu. Mako uku ina ɗaukar almakashi ina ajiyewa, domin ashoke in ya fara warwarewa ba ya tsayawa.

Babu mai sai wajen 'yan bumburutu, kuɗin mota ya ninka, aka cusa mu uku a gaba. A Kwatarkwashi direba ya tsaya zuba ruwa, muka ci ƙosai a gindin dutse. Yajin ya fi ƙosan yawa.

Da hantsi muka shiga Tsafe, wajen Baba, Bayeraben da ya koya mini ɗinki shekara shida. A da, shagonsa na Gusau keke biyar ne ke kuka, matarsa na kawo mana amala da azahar. Yanzu keke ɗaya na tarar, a rufe da tsumma. Idonsa ya yi rauni, bakinsa kuwa yana nan.

"Ɗan Hausa, har yanzu hannunka ya fi kanka sauri?"

Na miƙa masa zanen. Ya shafa, ya sansana.

"Ka yanka?"

"Ban yanka ba, Baba."

"To, ka tsira da mari."

Sai ya jera mini aikin. Da farko, ashoke ba yadi ba ne, siraran saƙa ne faɗin tafin hannu aka haɗa, saboda haka a farke haɗin, a tayar da riga daga su. Na biyu, inda yanka ya zama dole, a yi ɗinki layi biyu tukuna, a yanka tsakaninsu. Ya taɓa gaya mini wannan ina saurayi. Ban ji ba.

Bayan azahar muka ratso Gusau zuwa Bungudu. A gaban Malama na farke haɗin farko, saƙar ko gezau. Na kai hannu zan yar da tsohon zaren, ta tare ni.

"Tsaya, Malam. Inna ce ta haɗa shi da hannunta."

Ta naɗe shi a yatsa, ta ƙulle a bakin gyalenta.

Kafin magariba muna gida. Abin da na ƙaru da shi: sabon yayi ba ya tsayuwa sai a kan tsohon aiki, kuma malami ba a gama da shi. Washegari na sa almakashi tsakanin layi biyu, na yanka. Sauran zaren haɗin duk na tara mata a ambulan.