Baturen da Baba Ya Tare a Balad

Mahaifina ɗan kukun Di'o ne, Baturen mulki. A bayan gidan Bature ya tashi a Katsina, kuma har ya tsufa a unguwar Hindawiyya a nan ƙasa mai tsarki bai daina yabon Ingilishi ba. Wai su ba sa saɓa alkawari, in Di'o ya ce gobe, to gobe ce. Maƙwabcinmu kuwa, wani Alhaji Badamagare mai sayar da turare, ubansa ya sha bulalar kumandan Faransa wajen aikin tilas, daga baya ya bi 'yan neman mulkin kai ƙauye-ƙauye yana yi musu shela. A wurin Alhaji duk Bature mugu ne, amma na Faransa ya fi kowa.

Kullum bayan la'asar sai sun tafka musu a ƙofar gida.

Baba zai ce, "Alhaji, shugabannin naku da suka karɓa, me suka tsinana?"

"Ko ba komai, Malam, sun hana a kira dattijo yaro. Naka uban har ya rasu boyi ake ce masa."

"Kuku ne! Kuku!"

Bara na kwashe su a mota zuwa Balad, tsohon gari, inda 'yan yawon buɗe ido suka fara yawa. Baba ya hango wani tsohon Bature da malafa yana ta waige-waige. Sai ya miƙa mini sandarsa, ya ƙame kamar soja.

"Gudu monin, sa!" Ga magariba ta kusa.

Baturen ya yi murmushi, ya amsa da wani yare daban. Ashe Bafaranshe ne, ya ɓace wa 'yan rakiyarsa.

Na ɗauka Alhaji zai tofar da yawu ya wuce. Ina! Faransanci ya ɓarke masa kamar an buɗe famfo. Ya kama hannun mutumin, ya saya masa shayi, ya bi da shi lungu-lungu har wajen motarsu. Har hoto suka ɗauka, Alhaji yana washe baki.

A hanyar gida Baba ya dubi Alhaji. Can ya ce, "Ashe haka kuke da su."

"Baƙo ne, Malam. Wanda ya daki ubana ya daɗe a ƙasa. Wannan bawan Allah ko iƙama, takardar zaman ƙasa, ba shi da ita."

Baba ya juya wajen taga. "Halas, shi ke nan, ɗana, ja mota. Da Ba'ingilishe ne ai da bai ɓata ba."