Ranar da Na Kai Baba Ganin Kumbo

Tun muna yara Baba yake ba mu labarin ranar da ya ji a rediyo cewa mutane sun sauka a kan wata. Yana saurayi a lokacin, yana tsaka da noman gyaɗa. Abokansa sun ƙaryata, shi kuwa bai taɓa musu ba, burinsa kawai ya ga irin kumbon da ya kai su da idonsa. Da na ji akwai gidan adana kayan binciken sararin samaniya a Abuja, sai na ƙudura zan kai shi, domin idon nasa ya fara tafiya. Da tsakar rana yana gani sarai, amma da la'asar ta yi sanyi komai sai ya zame masa inuwa.

Shirin ba shi da wuya. Na yi shatar ƙaramar bas daga Tsanyawa, na kauce wa ranar kasuwa. Mu tashi da an sallame Asuba, mu isa rana na sama, Baba ya ga kumbo, mu juyo. Na roƙe shi kada ya gaya wa kowa. Ya ce to, ya tafi masallaci ya gaya wa kowa.

A garinmu mota ba ta tafiya Abuja da fili a cikinta. Kafin Magariba zaure ya cika. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta aiko da buhun gero da jarkar man gyaɗa a kai wa ɗanta a Kaduna. Maƙwabcinmu ya kawo zabi a kwando a kai wa ɗan'uwansa a Abuja. Ladan kuma aka yi wa surukinsa rasuwa a Zariya, ya ce ai kan hanya ne, zai bi mu ya yi gaisuwa a tsaitsaye. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Baba, ba motar kasuwa na ɗauko ba fa," na ce masa.

"To kai ka je ka ce wa Gwaggonka a'a," in ji shi. "Kumbon gudu zai yi?"

Na so in ce masa idonsa ne yake gudu, na haɗiye maganar.

Ban taɓa ganin ta'aziyyar da aka yi a tsaitsaye ba, ta Zariya ma ba ta saɓa ba. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura, Baba ya tarar da wanda suka yi fataucin gyaɗa tare, hira ta ɓarke. Ni ina tsaye jikin mota ina kallon inuwa tana gajarta. A Kaduna wayar ɗan Gwaggo a kashe, kwatancen da aka ba mu kuma shi ne "bayan gidan mai". Muka bi gidajen mai ɗaya bayan ɗaya, zabi na ta kuka a bayana, direba na tsaki, ina taya shi.

Mun isa Abuja an rufe ƙofar gidan adana kayan, rana ta yi ja. Mai gadi ya tausaya mana, ya ce mu matso jikin shinge, akwai samfurin kumbo a tsaye a harabar. Ga shi kuwa, fari, dogo, ya fi rimin bakin garinmu miƙewa. Na kama hannun Baba na kawo shi gaba.

"Baba, ga shi nan."

Ya ɗaga kai, ya daɗe yana dubawa, fuskarsa ta washe.

"Masha Allah," ya ce. "Yau dai na gani. Allah ya yi maka albarka."

Na bi inda idonsa ya tsaya. Tankin ruwan gidan yake kallo, a kan dogayen ƙafafunsa na ƙarfe. Mai gadi ya buɗe baki zai yi magana, na girgiza masa kai.