Abin da Ba Na Iya Faɗa wa Inna

Ina tsakiyar wanke shinkafa na lura cewa tun asuba ɗan da ke cikina bai motsa ba. Hannuna ya tsaya cikin ruwan. A damunar 2007 ne, na zo gidanmu a Katagum goyon ciki, ba a daɗe da sadakar arba'in ɗin Dada ba.

Dada kakata ce, ita ta haifi babanmu, ita ce kuma kunnen gidan. Ni 'yar fari ce, Inna ko sunana ba ta kira, balle mu yi zancen ciki. Komai nawa Dada nake kai wa. Ranar sai na shiga ɗakinta, ba kowa sai tabarma a naɗe, na zauna.

Nan na tuna yadda take tara mu bakin murhu bayan magariba, tana gasa mana gyaɗa cikin toka. "Ga ta nan, mai gyangyaɗi ba shi da gyaɗa," haka take buɗewa. Akwai tatsuniyar da take yawan yi, ta wata amarya da ta bi surukarta su ƙetare kogi. A tsakiyar ruwa kada ya kama bakin zanenta. Kunya ta hana ta magana, sai ta yi ta tafiya a hankali. Surukar ta waiwayo ta ce lafiya? Ta ce lafiya lau, ruwan ne da daɗi. Haka kada ya yi ta ja, ruwa ya zo ƙugu, ya zo wuya.

"Da ku ne fa?" in ji Dada.

"Ihu za mu yi!"

Ta nuna ni. "Ke ƙawata rufe mini baki. Ke da ko kunama ta harbe ki sai kin nemo ni kafin ki yi kuka."

Mu yi ta dariya. A lokacin wautar amaryar kawai nake gani. Ban gane Dada ta san wata rana za a neme ta a rasa ba.

Har la'asar ina zaune, ina jin Inna tana daka. Da ƙyar na fita, na tsaya bayanta, idona a ƙasa.

"Inna, ba ya motsi."

Taɓaryar ta faɗi. "Tun yaushe?"

"Tun asuba."

Ba ta yi faɗa ba. Mayafi ta yafa a baibai, ta fita neman mota. Har Azare tana riƙe da hannuna, ba mu kalli juna ba.

Ana kiran isha'i wata nas ta ɗago daga kan cikina ta ce, "Baiwar Allah, jininki ne ya hau, amma kin zo a kan lokaci. Ga zuciyarsa nan tana bugawa. Ke da shi duk kun tsira."

Na fashe da kuka. Nas ɗin ta shafa kaina, a zatonta murna ce kawai.