Famfarar Baba Na-Marke

Ku da kuka san Baba Na-Marke, akwai wanda ya taɓa jin maganarsa tangaran, ba itace a baki? Ni dai tun da aka kawo ni gidan daga Likoro a matsayin matar ɗansa ban taɓa ji ba. Sunansa na yanka ba ya fita daga bakina, surukina ne, amma laƙabin kowa ya san tushensa: asuwakin itacen marke da yake tauna tun asuba har ya kwanta. Da shi yake amsa gaisuwa, da shi yake nuna hanya, da shi yake yi wa jikoki barazana. Salla kaɗai ke raba su, yana sallamewa kuma zai zaro shi daga bayan kunne.

Burinsa a duniya ɗaya ne, bai kuma ɓoye wa kowa ba. Cewa yake haƙora amana ce. "Talatin da biyu aka ba ni, talatin da biyu zan mayar. Ba zan je can a ce min ina saura ba." Mutane su yi ta dariya. Ni ban cika dariyar ba, don ni ce mai tukunyar.

Kullum da safe, kafin in dama koko, sai na ɗora tukunyar Baba: bagaruwa, ɓawon marke da 'yan ƙwayoyin kanumfari. In ta tafasa in tace, in bari ta huce, sannan duk gidan mu jeru a bakin rariya muna kurkure baki, shi kuma yana tsaye yana sauraron wanda zai zubar da wuri. Baurin abin nan sai ya ɗaure miki harshe har hantsi. Tukwanen da bagaruwa ta rina min ban san adadinsu ba. Na yi goyo, na yi laulayi, na yi zazzaɓi, tukunyar nan ba ta taɓa hutu ba, ni ma haka.

Ranar sunan ɗana na fari, maigidana ya yi kuskuren bar wa Baba sayo goro daga kasuwar Makarfi. Ya dawo da dami guda na asuwaki, an yanke daidai-daidai, ya ce goro rina haƙori yake. Haka aka raba wa jama'a bayan addu'a, kowa tsinke biyu. Ina ɗaki ina jin labari, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Wani maroƙi da aka miƙa wa nasa ya juya shi ya ce, "Allah ya ja zamaninka Na-Marke, wannan na hura wuta ne?"

Baba ya ce, "Na bakin da kake wasa mutane da shi ne. Tun kana ƙofar gida na ji zuwanka, kuma ba da kunne ba."

Wanda ya ƙara min aiki shi ne Sabitu, ƙanin maigidana, da ke karatu a Zariya. Ya zo hutu da zumuɗi, yana ba Baba labarin yadda suke jiƙa ɓawon itatuwa a makaranta, su tace ruwan, su ɗiga wa ƙwayoyin cutar da ke lalata dasashi don su ga ko za su mutu. Ya ce wasu suna mutuwa kuwa. Ni na ɗauka Baba zai yi murna. Ashe abin da ya tsaya masa a rai daban ne: wai akwai wasu halittu zaune a bakinsa, suna ci suna haihuwa, ba su taɓa yi masa sallama ba. Sabitu ya ƙara da cewa sai dai maganin in ya yi yawa illa ne, yawan dirzar dasashi da ƙarfi kuma cinye shi yake. Wannan rabin Baba bai ji ba. Daga ranar tukunya ta koma safe da yamma. Har yau in Sabitu ya gaishe ni sai na ɗan yi jim kafin in amsa.

Ga shi manomin rake, kuma a wurinsa fere rake da wuƙa abin kunya ne. Da haƙori yake ɓare shi a gaban mutane, yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Har tsufa ya kama shi sosai bai daina ba. To a wajen wannan bajintar ce wani haƙorin gaba, na ƙasa, ya fara girgiɗa. Dasashi ya kumbura, yana jini. Da ƙyar maigidana ya lallaba shi ya goya shi a mashin zuwa asibiti a Ikara. Mai duba haƙoran ya yaba tsaftar bakin, amma ya ce naman ya riga ya janye, jiƙo ba zai mayar da shi ba, sai dai a cire. Maigidana ya ce kafin mutumin ya juya ya ɗauko kayan aiki Baba har ya sa takalmi.

Wai ce wa mutumin ya yi, "Yaro, na kawo shi ne a duba lafiyarsa, ba a sallame shi ba."

Haƙorin da ya gagari rake shekara da shekaru, a cikin fate ya faɗi. Fate mai laushi, wanda na dafa da hannuna don kada ya wahala. Baba ya tsamo shi daga kwano, ya dube shi, ya tashi ya shiga ɗaki ya saki labule.

Daga nan gidan ya mutu. Ya daina fita dandali, masallaci ma sai ya naɗe baki da rawani. Asuwakin ya bushe a kan taga. In na kai abinci in ajiye a bakin ƙofa, haka zan dawo in ɗauke. Maigidana ya yi lallashi, liman ya zo ya yi nasiha, a banza. Tsoho yana ramewa muna kallo, ni kuma na gaji da ɗaukar kwano a cike. Ran nan na durƙusa a bayan labule, ni da ba na haɗa masa magana biyu a jere, na ji bakina ya ce, "Baba, ai famfara ce. Wani zai fito."

Daga ciki ya ce, "Ta Likoro, me kika ce?" Na maimaita. Ya ce in turo kwanon.

Da na san abin da zai biyo baya! Kun san abin da ake gaya wa yara, wai in ƙadangare ya ga giɓin mai famfara, sabon haƙori ba zai tsiro ba. Baba ya riƙe wannan gam. Yana cikin hira da dattawa, ƙadangare na gittawa zai tafa hannu a baki, sai ya wuce ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ni kuma aka ƙara min muƙami: kafin ya fito shan hantsi sai na bi katanga da tsintsiya na kore su. Mace da 'ya'ya biyar, ina tsere da ƙadangaru. Amma yana ci, ya koma taunar markensa ta gefe guda, sai na ci gaba da korarsu.

Damina biyu muka yi a haka kafin ciwon ajali ya kwantar da shi. Wata safiya maza duk suna gona, ya kira ni, ya ce in shigo har ciki. Ya ce harshensa na taɓo wani abu a gurbin, in duba masa. Tun da na zo gidan ban taɓa kallon tsakiyar fuskarsa ba, ranar na duba har cikin bakinsa. Ba komai sai dasashi, fes da shi.

Na ce, "Ya fara leƙowa, Baba."

Ya yi 'yar dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Bar shi, Ta Likoro. Na san famfara ba ta tsofaffi ba ce. Gani na yi kin gaji da komawa da kwano." Ya lalubo wani ɗan ƙullin tsumma a ƙarƙashin matashi ya sa min a hannu, ashe haƙorin nan ne a ciki. "Ba wa mijinki, a haɗa mu tare. In an tambaya, suna nan cif. Ɗaya ne dai ya riga ni kwanciya."

Na fito na zauna a bayan ɗaki na yi kuka mai isata, ƙadangaru na ta yawonsu a katanga, ban ko ɗaga musu hannu ba.

Da ya rasu an cika masa wasiyyarsa. Allah ya karɓi amanar Baba yadda ya kai ta, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Ya Allah, in ka tashe shi, ka tashe shi da bakinsa a cike, don ya yi wahala a kan haƙoran nan, ni ce shaida.