Dagin Da Na Bari A Rijiya

Shekarun baya na yi wata wauta da har yau in na tuna sai na shafa gemu. Na so in yi wa tsufa wayo ne, ni da ko allo ban sauke ba.

Haƙar rijiya ce sana'ata. Daga Gagarawa har ƙauyukan Sule Tankarkar, da wuya ka sha ruwan da ban taɓa ƙasansa ba. Ni ke sauka, yayana ke riƙe igiya a sama. Shekarar babban farin nan ƙirjina ya fara kuka kamar tsohon zugazugi, sai yayana ya tsara mini yadda zan bari a hankali. Da farko in daina sabuwar haƙa sai yasa. Daga nan in koma bakin rijiya ina nuna wa masu ƙarfi. Ƙarshe in riƙa dasa darbejiya a gefen rijiyoyin da na haƙa, ina ba su ruwa.

Na ce, "Yaya, ni za a mayar mai renon itace?"

Ya ce, "Su ba sa rufta wa mutum."

A wurinmu, ranar saukarka ta ƙarshe sai ka yi wa rijiya sallama, ka fito da duk kayan aikinka. Ba a barin ƙarfe a ƙasa. Tawa saukar ta ƙarshe ta faɗo a wata ruga kusa da Ɗanzomo. Na gama yasa, ban yi sallamar ba, na kwantar da dagina a gindi. Dabarata in sami dalilin komawa.

Ba a jima ba ardon rugar ya zo gidana. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, matanmu sun daina ɗiba. Da rana tsaka ana jin haƙa a cikin rijiyar."

Muka tafi har da yayana, ina dariya a hanya. Da na leƙa, dariyar ta tsaya. Ƙarar dagi ce, ba wata ba: bugu biyu, a huta, a yi tari. Haka nake haƙa. Tarin ma nawa ne. Ga shanu sun kewaye kwamin da ake shayar da su ba ruwa, mata sun koma tafiya mai nisa da tulu.

Da na faɗa wa yayana abin da na bari a ƙasa, bai zage ni ba. Ɗaura mini igiya kawai ya yi, ya ɗora ta a kan gungumen bakin rijiyar. Ina sauka ƙarar na ƙaruwa, hasken sama na ƙanƙancewa. Ƙafata na taɓa ruwa, komai ya yi tsit. Dagin da na kwantar yana tsaye a kafe, ƙotarsa da ɗumi kamar yanzu aka sake ta. Na karanta abin da na iya, wanda ba shi da yawa. Na yi sallamar, na tuge dagin, na girgiza igiya.

Washegari matan suka koma ɗiba. Ni kuma tun ranar sha'awar sauka ta fita raina ɗungurungum. Na rungumi darbejiyata, kuma wallahi na ji daɗinta. Yau a inuwar itatuwan ake jiran layin guga. Na gane ba aikin nake ƙauna ba, tsoron zama ba amfani nake yi.

Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba. Da muke komawa gida ranar, yayana na naɗe igiya a kafaɗa, bai ko dube ni ba ya ce, "Tun kana saurayi nake jan ka, na san nauyinka. Da nauyin nan naka ka sauka yau. Amma abin da na jawo, har da dagin, bai kai rabinka ba. Wa ka baro a ƙasa?"